Dalilan Yaƙi da Hanyar Zama Lafiya Mai Ɗorewa

An shirya wannan darasi ne domin hakimai, watau waɗanda a ƙasar Sakkwato a ke kira uwayen ƙasa, da malaman da ke riƙe musu littattafan ofis, musamman na ƙasashen Wurno da Rabah da Goronyo. Nufinsa shi ne a bincika abubuwan da ke haddasa yaƙi, a kuma ga abin da ke sa zama lafiya ya ɗore bayan an ajiye makamai. Ba sai mun tafi nesa neman misali ba, gama ƙasar Rima ta ga yaƙi a zamanin kakanninmu, ta kuma ga dabarun da aka yi aka kwantar da shi. Ana roƙon kowane hakimi ya sa malaminsa ya karanta wannan a gaban dagatai da ardo-ardo, sa'an nan a yi shawara a kan tambayoyin da ke ƙarshe.

1. Abin da ya auku a zamaninmu

Tun daga wajen 2011 satar shanu da fashi suka yi ƙarfi a dazuzzukan Zamfara, a hankali kuma wutar ta yi ta ci har ta iso gabashin Sakkwato. Cikin watan Yuli 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni da ƙauyukan da ke kewaye da ita a ƙasar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka gudu zuwa Gandi. Cikin 2019 aka sake kai hari a waɗansu ƙauyukan Rabah, a wannan shekara ce kuma dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare iyaka suka nemi mafaka a Jihar Maraɗi. Ran Lahadi 17 ga watan Oktoba 2021, ana cikin cin kasuwar Goronyo, aka buɗe wa mutane wuta, Gwamnatin Jiha ta ce mutum 43 suka rasu. Cikin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, yana kan hanyar komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi cikin watan Agusta.

Ko da ya ke ba wata ƙasa ce ta ɗaura mana yaƙi ba, duk alamun yaƙi sun cika. An bar gonaki ba shuka, garuruwa sun watse, makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, a waɗansu wurare kuma talaka ya biya ɗan fashi kuɗi kafin ya taɓa gonar ubansa. Saboda haka ya wajaba mu san mafarin abin, domin likitan da bai san cuta ba ba ya ba da magani.

2. Mafarin yaƙi

Dalili na farko shi ne ƙuncin ƙasa da ruwa. Ƙidayar 1963 ta sami mutum wajen miliyan 55 a Nijeriya, ta 2006 kuwa ta sami miliyan 140, alhali ƙasa ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba. A da, idan ruwan Rima ya janye, fadama ta kan zama makiyayar shanu har faɗuwar damina, manomi kuma ya kan yi murna da saukar Fulani a gonarsa bayan girbi saboda taki. Farin 1973 ya koro mutane da dabbobi daga arewa zuwa bakin gulbi. Cikin 1984 aka gama gina madatsar ruwa ta Goronyo, noman rani kuma ya bunƙasa, fadamar da a da ciyawa ce ta koma albasa da tafarnuwa da shinkafa. Wannan arziki ne babba, ba mai musu. Amma a wurare da yawa an nome burtali, an toshe hanyar mashaya, ba a keɓe wa shanu wata hanyar ba. Saniya kuwa ba ta san iyakar gona ba, ruwa ta sani.

Ƙunci shi kaɗai ba ya kawo yaƙi. Mutane sun sha zama cikin matsi ba su zub da jini ba, muddin akwai wanda zai raba musu gardama da gaskiya. Dalili na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne rashin adalci. Manomi ya wayi gari ya tarar an cinye masa gero, ya kai ƙara, aka karɓi toshi a wurin mai shanu, magana ta mutu. Makiyayi kuma shanunsa suka yi ɓarnar dami biyu, aka ci shi tarar da ta fi amfanin gonar duka, ya sayar da sa domin ya fanshi ɗansa daga kurkuku. Wani aka kore masa garke ɗungum, ya yi ta zirga-zirga ba wanda ya bi masa sawu. Kowannensu ya koma gida da abu ɗaya cikin zuciyarsa, watau cewa zuwa wurin hukuma ɓata lokaci ne. Ranar da talaka ya yanke ƙauna daga alƙali, ranar ce ya fara tambayar kuɗin bindiga. Wannan magana ta shafi masu sarauta kai tsaye. Kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta naɗa cikin 2019, a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar, ya sami waɗansu sarakuna da hakimai da hannu cikin fitinar, cikin 2022 kuma aka tuɓe sarakuna 2 da hakimi 1 a wannan Jiha.

Dalili na uku shi ne ramuwar gayya a kan wanda bai ci ba bai sha ba. Da mutane suka ga ba mai tsare su, sai suka kafa 'yan sa kai. Tsaron gida ba laifi ba ne, amma da yawa daga cikinsu sun ɗauki kowane Bafillace ɓarawo, su kuma 'yan bindiga suka ɗauki kowane ƙauyen da ke da 'yan sa kai abokin gaba. A farkon Oktoba 2021 'yan sa kai suka kashe waɗansu Fulani a kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa. Ba a yi mako biyu ba aka kai harin Goronyo, mutane da yawa kuwa sun ɗauke shi ramuwa ce. Waɗanda suka mutu a kasuwannin nan biyu saye da sayarwa ya kai su. Kowace gawa irin wannan ta kan bar 'ya'ya da ƙanne masu jiran ranarsu. Cikin Nuwamba na wannan shekara Gwamnatin Sakkwato ta haramta ƙungiyar 'yan sa kai.

Dalili na huɗu shi ne yawan makamai da masu cin riba. Bayan faɗuwar Gaddafi a Libiya cikin 2011, bindigogi suka bazu cikin Sahara, waɗansu suka gangaro har iyakarmu. Faɗan da a da sanda da kibiya ke gama shi, yanzu yaro ɗaya a kan babur ya isa ya tashi gari. Daga nan fitina ta zama sana'a. Akwai mai sayar da harsashi, da mai kai man fetur da abinci daji, da dillalin shanun sata, da ɗan rahoton da ke zaune cikin gari yana nuna gidan mai hali. Waɗannan mutane daga kowace ƙabila su ke, zama lafiya kuwa hasara ce a gare su. Lalle ne a rarrabe tsakanin mai kukan zalunci da wanda ya mai da kisa da satar mutane hanyar cin abinci. Zaluncin da aka yi wa mutum jiya ba ya halatta masa jinin wani yau.

Dalili na biyar shi ne nisan hukuma daga daji da ƙauye. A zamanin En'e hakimi ya kan fita rangadi, malaminsa na biye da littafi. Jangali yana da nauyi, an kuma sha yin zalunci wajen karɓarsa, amma saboda shi an san kowane arɗo da rugarsa da yawan shanunsa, baƙo kuma ba ya kwana a gari mai unguwa bai sani ba. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran 1976 kuma ya mai da mulki hannun ƙananan hukumomi. An soke jangali, amma ba a kawo wani littafin da zai maye gurbinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

3. Abin da tarihin Wurno ya koya mana

Waɗannan dalilai ba sababbi ba ne a ƙasar nan. Cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa abubuwan da ya zargi sarakunan zamaninsa da su, a cikinsu akwai jangali, da ƙwace kayan talakawa a kasuwa, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara. Da ya yi hijira zuwa Gudu cikin 1804, Fulani da Hausawa da yawa waɗanda waɗannan abubuwa suka dama suka bi shi. Aka yi Tabkin Kwatto a wannan shekara, Alƙalawa kuma ta faɗi cikin 1808.

Faɗuwar Alƙalawa ba ta ƙare yaƙi ba. Gobirawa da Katsinawan da suka koma Maraɗi suka ci gaba da kai hari shekara da shekaru. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci su da yaƙi a Gawakuke, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina na Maraɗi Rauda duka suka faɗi a fagen fama. Nasara ce wadda ba a yi irinta da yawa ba, duk da haka waɗanda suka ragu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, hari kuma ya sake tashi. Cikin 1853 wani Bajamushe matafiyi mai suna Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya zo Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Sai da ayarinsa ya yi tafiya dare da rana ba zango kafin ya ratsa dajin Gundumi, saboda tsoron mahara. Wannan daji shi ne dai wanda a zamaninmu ya sake zama maɓoyar 'yan bindiga.

Abin da ya tsare ƙasar Rima shi ne wata dabarar Bello wadda ba a cika ambatonta ba. Ya ga cewa iyakar da ba kowa a cikinta ba ta tsaruwa, saboda haka ya kafa ribaɗi, watau garuruwa masu ganuwa a bakin daga. Wurno, wadda ya gina wajen 1830, ita ce babbarsu, akwai kuma irin su Gandi da Shinaka da Lajinge, inda ya zaunar da 'ya'yansa da danginsa. Ya jawo Fulani masu yawo ya ba su wurin zama, ya sa a koya musu noma, ya kwaɗaita musu kiwon dawaki da raƙuma da tumaki, ya kai musu malamai da limamai da alƙalai da masu sana'a. Shi kansa ya bar jin daɗin Sakkwato ya tare a Wurno, a nan ya rasu cikin 1837, a nan kuma kabarinsa ya ke. Cikin Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji, ya sa kula da masu sana'a da kasuwanni da hanyoyi cikin wajibin mai mulki.

Daga baya kuma, a zamanin Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiƙu, wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866, aka yi amana da Ɗan Halima na gidan sarautar Gobir, aka yardar masa ya kafa Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa. Gobirawan da takobi bai iya kawowa ba, gari da gona da sarauta suka kawo su.

4. Sulhun da ke ɗorewa da wanda ke warwarewa

Haka abin ya ke a sauran duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, yarjejeniyar 1919 ta ɗora wa Jamus tara mai nauyi da wulaƙanci, shekara 20 kawai aka yi wani yaƙin da ya fi shi muni ya tashi. Bayan 1945 sai aka sake dabara. An hukunta manyan masu laifi a gaban shari'a, Amurka ta ba da kuɗin sake gina ƙasashen da suka rushe, cikin 1951 kuma Faransa da Jamus ta Yamma da waɗansu ƙasashe 4 suka haɗa cinikin kwal da ƙarfensu wuri ɗaya. Tun daga nan Faransa da Jamus ba su ƙara ɗaga wa juna makami ba.

A nan gida an gwada hanya biyu. An yi sulhu da shugabannin 'yan bindiga a Zamfara cikin 2016, aka sake yin wani a Zamfara da Katsina cikin 2019. An sami sauƙi na 'yan watanni, sa'an nan abin ya warware, domin makaman da aka miƙa kaɗan ne, ba a sauraren waɗanda aka kashe wa dangi ba, ba a buɗe burtali ba, yaran da ke daji kuma ba su sami wata sana'a ba. An kuma gwada matsi. Cikin Satumba 2021 aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da yawa, aka katse wayar salula a ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato. 'Yan bindiga sun ji jiki, amma talaka ma ya ji, harin Goronyo kuwa cikin wannan lokaci aka kai shi. Ƙarfin soja wajibi ne a kan wanda ya ƙi ajiye makami, sai dai idan soja ya tashi ba a bar alƙali da makaranta da rijiya a bayansa ba, daji zai sake cika.

Maƙwabtanmu na Nijar suna da abin koyi. Cikin Oktoba 1991, a Toda ta Jihar Maraɗi, rikicin gona da kiwo ya sa aka kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Cikin 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara, wadda ta tanadi kwamitin ƙasa tun daga ƙauye har sama, inda mai gari da wakilan manoma da na makiyaya ke zama tare. Ana auna burtali a kafa masa turaku na siminti, ana rubuta cinikin gona da aronta, kowace shekara kuma hukuma ta kan sanar da ranar da za a saki gonaki ga dabbobi. Wannan bai kawar da rikici duka ba, amma ya ba mutane ƙofar da za su ƙwanƙwasa kafin su ɗauki makami. Mu ma muna da tushe irin wannan. Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, wanda ya zama hakiminta cikin 1934, a zamanin Firimiyarsa ne Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya ta 1965. Yawancin wuraren da aka yi niyyar keɓewa ba a tabbatar da su a takarda ba, shi ya sa aka cinye su kaɗan kaɗan.

5. Aikin hakimi da malaminsa

Hakimi a yau ba shi da ikon kamu ko yanke hukunci, amma yana da abin da soja da ɗan sanda ba su da shi. Ya san mutanensa, sun san gidansu, maganarsa kuma tana da nauyi a wurin Sarkin Musulmi da shugaban ƙaramar hukuma. Ga abubuwan da ke cikin ikonsa.

(a) Kafin faɗuwar damina ya fita da dagatai da arɗo-arɗo da sarakunan noma su bi kowane burtali da mashaya da ƙafa. Malami ya rubuta faɗinsu da inda suka fara da inda suka ƙare, a aika da kwafi ɗaya ga ƙaramar hukuma, ɗaya ga Majalisar Sarkin Musulmi. Wanda ya shiga burtali a gaya masa tun bai yi shuka ba.

(b) Kafin girbi a yi shawara a tsai da ranar sakin gonaki, a yi shelarta a kasuwa da masallatan Juma'a da rugage.

(c) Idan an yi ɓarna, a je a gani kafin kwana 2, da dattijo ɗaya daga kowane gefe. A ƙiyasta diyya daidai da ɓarna, a rubuta ta, kowa ya sa hannu. Kada hakimi ko yaransa su karɓi kome daga masu gardama, ko da an kira shi gaisuwa.

(d) Malami ya riƙe littafin baƙi, da littafin dabbobin da suka ɓata, da na shanun da aka sayar a kasuwa tare da sunan dillali da mai shaida. Shanun sata ba sa tafiya inda a ke tambayar asalinsu.

(e) Duk ƙarar da ta fi ƙarfin sulhu a miƙa ta ga hukuma a rubuce, da kwanan wata, a kuma riƙa bin sawunta. Labarin tsaro a kai shi ga wanda ya dace shi kaɗai, kada sunan wanda ya kawo shi ya shiga littafin da kowa ke buɗewa, gama an sha kashe mutane a kan haka.

(f) Masu gadin gari su zama waɗanda hukuma ta sani ta kuma yarda da su, sunayensu na rubuce. Wanda suka kama su miƙa shi ga 'yan sanda da ransa. Hakimi ya hana a rufe wa wata ƙabila kasuwa ko rijiya saboda laifin waɗansu daga cikinta.

(g) A rubuta sunayen waɗanda aka kashe, da marayu, da gonakin waɗanda suka yi gudun hijira, domin kada wani ya mallake su kafin masu su su dawo. Ranar da za a zauna sulhu na gaskiya, wannan littafi ne zai yi magana a madadin waɗanda ba su da baki.

Malamai su sani aikinsu ba ƙarami ba ne. Gardamar iyakar gona wadda aka rubuta daidai yau, ita ce faɗan da ba za a yi ba bayan shekara 20. Wanda kuwa ya sauya layi ɗaya cikin littafi saboda abin hannu, ya haƙa ramin da ba shi kaɗai zai faɗa ba. Hausawa sun ce zama lafiya ya fi zama ɗan sarki, masu sarauta kuwa su suka fi kowa sanin gaskiyar wannan, domin sarauta ba ta zama a kan kufai. Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.

Tambayoyi domin shawara

1. Burtali nawa ne a ƙasarku a zamanin iyayenku, nawa ne kuma shanu ke iya bi yau?

2. Ƙara nawa ta ɓarnar gona aka kawo muku bara, nawa aka gama, kwana nawa kowace ta ɗauka?

3. Me ya sa nasarar Gawakuke ba ta ƙare hari ba, me kuma kafa Wurno da Sabon Birni ya ƙara a kanta?

4. Idan 'yan gudun hijirar ƙasarku suka dawo gobe, wace shaida ke hannunku ta gonar kowannensu?